Mai Sharar da Ke Cikin Wayarka

Sharhinmu na yau a kan wata mas'ala ne wadda da wuya a sami magidanci ko matar aure ko ɗalibi a birnin Katsina da bai taɓa cin karo da ita ba, watau nauyin nan da waya takan yi a hannun mai ita, ya danna ta ƙi amsawa, ya ja ta tsaya cik, sai bayan ɗan lokaci ta farfaɗo kamar ba abin da ya faru. Duk wanda ya zauna a rumfar mai gyaran waya, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, zai ji ƙorafin iri ɗaya ne, wannan ya ce wayarsa ta cika, wancan ya ce tasa sandarewa take yi, kuma maganin da aka fi miƙa wa mutane shi ne wata manhaja mai hoton tsintsiya, wadda in an danna ta takan yi ta walƙiya, sa'an nan ta yi wa mutum bushara da cewa ta share masa kaza da kaza. Abin da nake so in tabbatar muku da hujja shi ne, wayar tana da mai shara nata tun daga masana'anta, wanda malaman hisabi suka shafe fiye da shekara sittin suna gyara aikinsa, kuma tsintsiyar nan ta waje ba ta da ikon taɓa sharar da yake kwashewa.

Kafin mu shiga tafsili, wajibi ne mu rarrabe abubuwa biyu da jama'a kan cakuɗa. A cikin kowace waya akwai ma'ajiya, wadda ake rubuta girmanta a jikin kwali, giga 32 ko 64 ko 128, inda hotuna da karatun Alƙur'ani da wa'azozi da finafinai suke zaune ko an kashe wayar ko an kunna. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sayar da waya ke kira ram, ita kuwa ƙarama ce, giga ɗaya ko biyu ko huɗu a galibin wayoyin Itel da Tecno da Infinix da ke hannun talakawanmu, kuma duk abin da ke cikinta gushewa yake yi da zarar wuta ta ɗauke mata. A cikin wannan ƙaramar ne ake gudanar da aiki duka. Ko wane harafi ka rubuta, ko wane saƙo ya shigo, ko wane hoto ya bayyana a fuskar wayar, sai manhajar ta nemi a yanka mata gurbi a cikin ƙwaƙwalwar nan ta ajiye shi, kuma irin wannan buƙata takan auku sau dubbai a cikin sakan guda. Ko wane gurbi yana da lambarsa, kamar adireshi, kuma ta hanyar riƙe lambar juna ne abubuwa suke haɗuwa: jerin hirarrakinka yana riƙe da lambar ko wace hira, ko wace hira tana riƙe da lambar saƙonninta, ko wane saƙo yana riƙe da lambar hoton da ke cikinsa.

To, tun da ƙwaƙwalwar tana da iyaka, buƙata kuwa ba ta yankewa, tilas ne a riƙa mayar da gurbin da aka gama amfani da shi domin wani ya samu. Wa zai mayar, kuma yaushe? Mas'alar ke nan gaba ɗayanta.

A tsohuwar ɗariƙa, wadda har yau ake bi a harshen C da Dennis Ritchie ya tsara a Amurka a wajajen 1972, nauyin yana wuyan mai rubuta manhaja, shi zai ari gurbi da hannunsa, shi zai mayar da hannunsa. Ɗan Adam kuwa ajizi ne, saboda haka illa biyu suka zama ruwan dare. Ta farko ita ce mantuwa, mutum ya ara bai mayar ba, manhajar ta yi ta cin wuri kaɗan kaɗan har ƙwaƙwalwa ta ƙare, aiki ya tsaya. Ta biyu ta fi muni, ita ce gaggawa, ya mayar da gurbi alhali wani sashe na manhajar yana riƙe da lambarsa, a ba wani sabon abu wurin, sa'an nan mai tsohuwar lamba ya dawo ya karanta ko ya rubuta a kan abin da ba nasa ba. Ta irin wannan kafa ce ɓarayin intanet suke kutsawa cikin na'urorin mutane. Kamfanin Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa ko wace shekara daga kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwa suke fitowa, wannan da 'yan'uwansa, kuma masu kula da Chrome a Google sun faɗi adadi makamancin wannan a shekarar da ta biyo baya.

Mutumin da ya fara sauke wa ɗan Adam wannan nauyi ya ɗora wa na'ura shi ne John McCarthy, malamin lissafi a makarantar MIT ta Amurka, lokacin da yake tsara harshen Lisp a wajajen 1959, ya kuma buga bayaninsa a watan Afrilu na 1960. Kwamfutar da yake aiki da ita, IBM 704, ta cika ɗaki guda, amma ƙwaƙwalwarta ba ta wuce gurbi 32,768 ba. Ƙa'idar da ya kafa tana da sauƙin faɗa, tana da zurfin ma'ana. Ya ce a bar manhaja ta yi ta ara ba tare da ta damu da mayarwa ba, sai ranar da wuri ya ƙare, sai a tsayar da kome, a fara daga tushe, watau 'yan abubuwan da manhajar ke riƙe da su kai tsaye a wannan lokaci, a yi wa kowanne alama, a bi lambobin da ke cikinsa zuwa na gaba a yi masa alama, a bi na gaba zuwa na gabansa, har silsilar ta ƙare. Bayan haka a ratsa ƙwaƙwalwar daga farko zuwa ƙarshe, duk gurbin da ba a ga alama a jikinsa ba a mayar da shi cikin na banza. Ku lura da hukuncin da kyau, domin a nan hikimar take. Ba a tambayar abu ko tsoho ne ko sabo, ko babba ne ko ƙarami, ko yana da daraja ko ba shi da ita. Sharaɗi guda ne tak: shin silsilarsa tana sadarwa zuwa tushe, ko ta yanke? In ta yanke, babu hanyar da manhajar za ta sake isa gare shi har abada, don haka kwashe shi ba zai cutar da kowa ba.

Illar wannan hanya ta bayyana tun ran farko, ita ce tsayawar. A na'urar McCarthy shara takan ɗauki sakan da dama ana jira, kuma shi da kansa ya ba da labarin ranar da suke nuna wa baƙi harshen nasu a MIT, wuri ya ƙare ana tsakiyar nuni, mai shara ya tashi, keken rubutun da ke haɗe da kwamfutar ya shiga buga dogon rahoton aikinsa a hankali, harafi bayan harafi, har lokacin da aka ba su ya tafi, 'yan kallo suna dariya. Sandarewar da wayarka take yi na ƙiftawar ido, wani lokaci jikanyar waccan tsayawa ce.

A shekarar 1960 ɗin nan dai wani masani, George Collins, ya zo da mazhaba ta biyu. A ganinsa, maimakon a jira wuri ya ƙare, gara ko wane abu ya riƙa ɗauke da ƙidayar masu riƙe da lambarsa, in wani ya kama a ƙara ɗaya, in ya saki a rage ɗaya, da ƙidayar ta kai sifiri a mayar da gurbin nan take. Fa'idarta a fili take, babu doguwar tsayawa, kuma wuri ba ya daɗewa a hannun matacce. Amma tana da rauni wanda ba a iya ɓoyewa: in abu biyu suna riƙe da lambar juna, sa'an nan kowa ya sake su, ƙidayar kowannensu za ta tsaya a kan ɗaya, kowanne yana shaidar ɗan'uwansa, alhali duka biyun sun yanke daga tushe, sai su zauna suna cin wuri ba ranar tashi. Harshen Python, wanda ɗalibanmu ke koyo yanzu, a kan ƙidaya yake tafiya, amma tun 2000 aka ƙara masa mai farautar irin waɗannan masu zagayen. Kamfanin Apple ma ƙidaya ya zaɓa wa wayoyin iPhone, ya bar wa masu rubuta manhaja alhakin kauce wa zagaye, Android kuwa ya bi bayan McCarthy, kuma saɓanin yana nan har gobe.

Yanzu mu zo ga rabin mas'alar da ba a cika ambata ba, wanda a wurina ya fi na farko daɗin nazari. A ce an kwashe shara tsaf. Guraben da suka kuɓuta ba a jere suke ba, a warwatse suke, nan kaɗan can kaɗan, a tsakankanin abubuwan da ke raye. Babban abu kuwa, kamar hoto, ba ya yarda a gutsuttsura shi, wuri yake so a haɗe. Sai ka tarar jimillar wurin banza ta ninka abin da ake nema sau goma, amma babu fili ɗaya da zai ɗauke shi, manhajar ta faɗi da kukan rashin wuri alhali wuri na nan birjik. Misalinsa, mutum ne ya zo babban masallacin Juma'a na Katsina da 'ya'yansa ƙanana biyar, yana so su zauna kusa da shi kada su ɓace. In ya ƙirga giɓin da ke cikin sahu zai ɗauki mutum ashirin, amma ɗai-ɗai ne, babu inda shida za su jeru, har sai jama'a sun matsa sun haɗa kafaɗa, giɓin duka ya tattaru a gefe guda. Matsawar nan ita ce tattara ƙwaƙwalwa. Wahalarta kuwa, wanda ya riga ya gaya wa ƙaninsa cewa ya same shi a gindin ginshiƙi na uku, in ya matsa, lalle ne ya bar sallahu, in ba haka ba ƙanin zai je ya dafa kafaɗar baƙo. Haka nan duk abin da aka gusar daga gurbinsa, wajibi ne a bi duk mai riƙe da tsohuwar lambarsa a sauya masa da sabuwa, kuma kuskure ɗaya a nan ya isa ya rushe manhaja.

Masana sun yi ijtihadi iri iri a kan wannan. Marvin Minsky ya gwada kwafe rayayyun abubuwa zuwa wani wuri a 1963, Fenichel da Yochelson suka kyautata dabarar a 1969, sa'an nan C. J. Cheney a Ingila ya fito da tsari a 1970 wanda har yau ake karantar da shi saboda gajartarsa. A raba ƙwaƙwalwa gida biyu, a yi aiki a ɗaya a bar ɗaya fayau. In na farko ya cika, a bi silsila daga tushe, duk rayayyen da aka iske a kwafe shi zuwa gida na biyu, ɗaya manne da ɗaya ba giɓi, a bar sabuwar lambarsa a tsohon gurbinsa domin masu zuwa nema daga baya. Da an gama sai a ɗauki gidan farko gaba ɗaya a matsayin fanko, ba tare da an ko dubi matattun da ke cikinsa ba. Da haka shara da tattarawa suka zama aiki guda, kuma wahalar ta koma gwargwadon yawan masu rai. Kuɗin da ake biya shi ne rabin ƙwaƙwalwa yana zaune ba aiki, wanda ba ƙaramar hasara ba ce ga na'ura mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya rage wannan hasara wata lura ce da aka yi bayan an daɗe ana auna manhajoji, cewa galibin abubuwan da ake ƙirƙira a ƙwaƙwalwa ba sa daɗewa, ana yin su ana gamawa da su, ƙalilan ɗin da suka tsallake kuwa sukan yi tsawon rai. Lieberman da Hewitt a 1983, da David Ungar a 1984, suka gina a kan haka: a keɓe ɗan ƙaramin fili domin sababbi, a riƙa share shi a kai a kai tun da kusan duka matattu ne kuma kwafe 'yan tsirarun masu rai ba wuya, wanda ya tsira sau da yawa a ɗaga shi zuwa babban fili wanda ba a taɓawa sai jefi jefi. Game da tsayawa kuma, Edsger Dijkstra na ƙasar Holan da abokan aikinsa sun nuna a 1978 yadda mai shara zai yi aikinsa manhaja tana nata a lokaci guda, ta hanyar kasa abubuwa launi uku, fari ga wanda ba a iske ba, toka-toka ga wanda aka iske ba a gama bin lambobinsa ba, baƙi ga wanda aka gama da shi. Harshen Java, da ya fito a 1995, shi ya yaɗa waɗannan dabaru a kasuwa, daga nan suka gangaro cikin Android.

Ga yadda suka iso aljihunmu. A wayoyi da yawa, fuskar tana sabunta hotonta sau 60 a sakan guda, watau ko wane hoto yana da kamar milisakan 16, duk tsayawar da ta zarce haka ido zai gan ta. Injin farko na Android, mai suna Dalvik, tsayar da manhaja yake yi ya yi shara, kuma ba ya gusar da abu daga gurbinsa, don haka giɓi yakan yi masa yawa. A ƙarshen 2010 aka koya masa yin galibin sharar ba tare da tsayarwa ba. A 2014, cikin Android 5, aka maye gurbinsa da sabon inji mai suna ART. A 2017, cikin Android 8, aka kawo mai shara wanda yake kwafewa yana tattarawa alhali manhaja tana gudana, kuma Google ya ce wurin da manhajoji ke ci ya ragu da kimanin kashi 32 cikin 100 in aka gwada da Android 7. A ƙarƙashin wannan duka akwai Linux, ginshiƙin da Android ke tsaye a kai, shi ma yana da tasa tattarawar tun 2010, aikin wani ɗan Ailan mai suna Mel Gorman: ana sakin masu bincike biyu, ɗaya daga ƙasa yana neman shafukan ƙwaƙwalwa da za a iya gusarwa, ɗaya daga sama yana neman shafukan banza, ana kwashe na ƙasa ana cusawa a na sama har su haɗu a tsakiya, fili mai faɗi ya buɗe.

Kada a ɗauka duk wannan kyauta ne. Matthew Hertz da Emery Berger sun auna a 2005, suka tarar mai shara yana kamo saurin mayarwa da hannu in an ba shi wuri ninki biyar na abin da manhaja ke buƙata, in ninki uku ne saurin ya ragu da kamar kashi 17, in ninki biyu ne raguwar ta kai kusan kashi 70. Ma'ana, mai shara yana son yalwa, in wuri ya ƙuntata sai ya yi ta tashi a kai a kai, yana cinye lokacin da ya kamata a yi maka aiki, yana shan batir. In ƙuncin ya tsananta Android yakan rufe manhajojin da ke baya ɗungurungum, shi ya sa za ka fita daga manhajar banki ka je kwafo lambar asusu, ka dawo ka tarar ta koma farko tana neman lambar sirri. Wayar mai giga ɗaya ko biyu ba lalacewa ta yi ba, iyakar ƙarfinta ke nan, kuma saboda irinta ne Google ya fitar da Android Go a 2017, wanda ke cikin ƙananan wayoyin Itel da yawa.

To, ina matsayin tsintsiyar da muka ambata? Ko wace manhaja a Android tana da keɓaɓɓen filinta da mai shararta, wata ba ta da izinin leƙa filin wata, balle ta share shi. Iyakar abin da tsintsiyar ke iyawa shi ne ta goge wasu fayilolin wucin gadi a ma'ajiya, wanda kai ma za ka iya daga saitin wayar, ko ta kori manhajojin da aka jingine a baya, waɗanda da gangan aka bar su domin su buɗe da sauri, sai su sake tashi daga farko su ci batir fiye da dā. Wannan korar ma an hana ta tun Android 14 a 2023, manhaja ba ta iya kashe kowa sai kanta. Ita kanta tsintsiyar tana cin ram, tana jawo talla da datarka. A ra'ayina illarta ta rinjayi amfaninta.

Akwai kuma magana ga ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman Katsina. Hisabi ba baƙo ba ne a garin nan, domin Shehu Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin jera lambobi a hatimi, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa, saboda haka bai kamata jikokinsa su tsaya ga haddace umarnin Java ba tare da sanin abin da ke gudana a ƙarƙashi ba. Mai shara da silsila yake hukunci, bai san niyyarka ba. In ka buɗe jeri kana ta zuba masa abubuwa ba ka cirewa, ko ka bar wani abu mai tsawon rai yana riƙe da lambar shafin da aka riga aka rufe, a wurinsa duka rayayyu ne, ba zai taɓa su ba, kuma tsohuwar illar mantuwa za ta dawo maka ta bayan gida. Ina roƙon malamai su sa ɗalibi ya ari gurbi ya mayar da hannunsa a harshen C ko da na zango ɗaya ne, ya ɗanɗani ɗacin kuskuren, kafin a miƙa shi ga Java da Python. Ɗalibin kuma in ya rubuta manhaja domin 'yan kasuwa ko manoma ko asibiti, ya gwada ta a waya mai giga biyu, irin wadda ke hannun waɗanda za su yi amfani da ita.

Kai kuma mai sauraro, in za ka sayi waya, bayan ka tambayi girman ma'ajiya ka tambayi ram, domin shi ne ma'aunin numfashinta. Wadda ke hannunka kuwa, ka cire tsintsiyar, ka cire manhajojin da ba ka buɗewa, ka karɓi sabuntawa in ta zo, in ta yi nauyi ka kashe ta ka kunna.